Kai Mai Keke, Kauce!

Ni tela ne. Shagona yana kusa da babbar kasuwar Garwa a arewacin Kamaru, gidana kuma yana Jambutu, kuma tun 2023 keke ne yake kai ni ya dawo da ni. Kafin nan babur nake hawa kamar kowa. A watan Fabrairun shekarar gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, amma bai taɓa mu sosai ba, don mu nan arewa galibinmu zuwa-zuwa muke sha, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Abin da ya karya mu shi ne ranar 29 ga Mayu, da sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki kwalbar da muke saye ba tare da tunani ba ta zama abin da sai ka tsaya ka yi lissafi. Da Fabrairun 2024 ta zo aka sake ƙara na gidan mai ya kai 840, ni tuni na riga na sayar da babur na ƙara keken ɗinki ɗaya a shago, na sayi baƙin keken hawa ƙirar Phoenix na hannu da canjin da ya rage.

Keken tsoho ne amma ƙarfensa na da ne. Na sa masa sabbin tayoyi, na canza sarƙa, na sa maƙeri ya ƙara wa kariyar ƙarfe biyu don ta ɗauki kaya. In zan kai ɗinki, sai in ninke shaddar in sa a leda, in sa ledar a cikin wani tsohon zane, sannan in ɗaure da robar tsohon tib sau uku, don ƙurar hunturu a garin nan ba ta san sabon kaya ba. Ƙafar wandona ta dama kullum a ɗaure take da ɗan igiya saboda sarƙa. Ƙafar tela kuwa ta saba da taka feda, don haka gajiya ba ta zama mini matsala ba, sai dai a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in rana ta take sai ka ji kwalta na huro maka wuta a fuska. A lokacin nakan fita tun gari bai gama wayewa ba, ba na kuma komawa sai bayan la'asar.

Duk wannan na shirya masa. Abin da ban shirya masa ba shi ne fuskokin mutane.

Ina kan babur, wanda bai san ni ba yakan ce Malam, wani ma ya ce Alhaji ko da ban je Makka ba. Na koma keke, sai sunan ya zama "kai mai keke". Yaron da na haifi kamarsa zai leƙo daga tagar mota ya ce, "Kai mai keke, kauce mana!" Furfurar gemuna tana nan yadda take, rigar da ke jikina ni na ɗinka ta da hannuna kuma ba ta fi ta jiya tsufa ba. Abin da ke ƙarƙashina kawai ya canza, shi ke nan girman ya tafi. 'Yan uwa da abokan arziki nasu salon daban ne, tausayi ne. Wani ya riƙe hannuna bayan sallar Juma'a ya rage murya ya ce, "Lafiya dai ko? Ina mashin ɗin?" Na ce na sayar. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri," irin addu'ar da ake yi wa wanda ya yi gobara. Na ce amin, don addu'a ba a ƙin ta. Amma na san ya tafi da labarin cewa kasuwa ta juya mini baya, alhali a shekarar ce na fara biyan kuɗin makarantar yara ba tare da cin bashi ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani babban mutum zai aurar da 'yarsa, ya ba ni ɗinkin manyan riguna nasa da na ƙannensa, aikin da ni da yarana muka kwana a kai. Na ɗaure kayan na nufi gidansa a can wajen Pumpumre. Na tsaya a bakin get, na sauka, na yi sallama. Maigadin, dattijo ne da zai yi sa'an yayana, bai amsa ba. Ya dubi keken tun daga taya har sirdi, sannan ya ce, "Yau ba ranar sadaka ba ce. Ka dawo Juma'a."

Na ce, "Baba, ba sadaka na zo nema ba. Ɗinkin Alhaji na kawo."

Ya ce, "To ajiye nan, ka ce wa maigidanka an karɓa."

Na ce masa ni ne mai shagon, kuma sai Alhaji ya gwada na gani ko akwai gyara. Ya ce in ja keken can gefen kwata in jira, kada in tare wa motoci hanya. Babu mota ko ɗaya a layin. Na ja na tsaya a rana, ina riƙe da kan keken da hannu ɗaya, ɗayan hannun a kan kayan. Ana haka sai ga wani saurayi a kan sabon babur, bai ko kashe injin ba aka wangale masa ƙofa. A daidai lokacin da ƙofar ta buɗe ne na hango abin da ya fi komai tsaya mini a rai: a jingine da ɗakin maigadin akwai wani keke, ya fi nawa tsufa, an naɗe sirdinsa da tsumma. Nasa ne. Da shi yake zuwa aiki.

Daga baya Alhajin ya fito da kansa, ya ba ni haƙuri, ya yi wa maigadin faɗa a gabana, abin da ban so ba ko kaɗan. Dattijon nan ba shi ya ƙirƙiro wannan ma'auni ba. An koya masa cewa aikinsa shi ne ya tace masu shiga, kuma ya daɗe yana ganin yadda ake auna shi kansa in ya hau nasa keken. Abin da aka yi masa ne ya miƙo mini. Amma fahimtar dalilinsa ba ta hana abin yi mini ciwo ba, kuma har yau in zan kai kaya irin waɗannan gidaje sai na fara kira a waya na ce a gaya wa mai tsaron ƙofa tela na tafe, a kan keke.

To, wannan duk na baki ne, kuma magana ba ta karya ƙashi. Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne rainin da ke riƙe da sitiyari.

Masu mota da yawa ba su san abin da ke gefen kwalta ba. Yashi ne. Iska ta kwaso, ruwan damina ya ƙara turowa, tayoyin motoci su share shi zuwa gefe, ya taru a daidai inda ake so mai keke ya bi. Tayar keke siririya ce, in ta shiga yashi kan keken sai ya ƙwace daga hannunka. A wasu wuraren kuma bakin kwaltar ya zaizaye ya zama gaɓa, in ka sauka ba ka iya hawowa sai ka tsaya. Saboda haka dole mai keke ya ɗan shigo ciki. Direban da ke bayansa ba ya ganin yashin, yana ganin talaka ne da ya raina shi ya shigo masa hanya. Sai ya danna oda ya riƙe, ya matso har ka ji zafin injin a bayanka, ya wuce ka madubinsa na gogar hannun rigarka. Wani har sai ya juyo ya zage ka, wai ba ka san darajar ranka ba.

Na manyan motoci ya fi ban tsoro. Lokacin kwasar auduga, da rani, tireloli ba sa yankewa a hanyarmu. Wata safiya ina tafe, yashi a damana, sai na ji ƙasa na rawa. Ban waiwaya ba, don waiwaye shi ke sa kai ya karkace. Kan tirelar ya wuce ni da ɗan tazara, na ce alhamdu lillahi. Amma jikinta dogo ne, kuma direban ya fara komawa dama tun bai gama wuce ni ba. Na ga tayoyin baya suna matsowa, kowace ta kusa kai mini ƙirji, ina jin ƙarar igiyoyin tamfol suna dukan ƙarfe a saman kaina. Babbar mota in ta wuce kusa da kai da gudu, iskarta takan fara tura ka waje, sannan ta janyo ka ciki, wanda bai taɓa ji ba ba zai yarda ba. Na saki kwalta na faɗa cikin yashin, keken ya kwanta, gwiwata ta daki ƙasa. Tirelar ba ta rage gudu ba. Ina kyautata zaton bai ma san an yi ba.

Mutane suka taso daga wani teburin mai shayi. Wani ya ɗaga keken, wani ya kakkaɓe mini baya, suna ta sannu. Sai wani daga cikinsu ya ce, "Kai ma Malam, ina kai ina babbar hanya da keke?" Sauran suka gyaɗa kai. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma ku duba abin da maganar take nufi: hanyar ba tawa ba ce, aro aka ba ni, in an murƙushe ni ni na kai kaina. Babu wanda ya ce direban ya yi ganganci. Kuma wace hanya zan bi? Daga Jambutu zuwa kasuwa ba a gina wata daban don irina ba.

Haka abin yake ko a ƙananan karo. Ɗan moto, wato mai babur ɗin haya, ya bugi mai keke, jama'a su taru, maganar farko ita ce, "Ba komai, keke ne kawai." A miƙa masa dala ɗari ya je ya miƙe wili, a ce ya yi haƙuri. In kuwa mai keke ne ya ɗan karci fentin mota, ranar zai ji lissafin da bai taɓa ji ba. Wilin nan da ya lanƙwashe, ga mai kai itace ko mai tallan burodi, shi ne abincin gidansa na ranar da na gobe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Mu da ke gefen kwalta ba mu buƙatar a karanta mana wannan. A Faransa, wadda muke kwaikwayon dokokinta a abubuwa da yawa, doka ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita 1 tsakaninsa da mai keke a cikin gari, mita 1.5 a bayan gari. Mita ɗaya fa, ko yadin rigar yaro bai kai ba. Lokacin da aka shirya garin nan don gasar cin kofin Afirka, wadda a cikinta Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya a Janairun 2022, an gyara tituna, an sa fitilu, mun ji daɗi kuma muna ci gaba da mora. Sai dai a hanyoyin da nake bi ban ga inda aka ja ko farin layi aka ce nan na masu keke ne ba. An yi tunanin motocin baƙi, an yi tunanin 'yan kallo. Mutumin da ke taka feda da buhun gawayi a baya bai shiga lissafi ba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa matsalar ba ta keken ba ce, shi ne ranar Lahadi a hanyar Pitowa. Da sassafe za ka ga wasu samari masu motsa jiki, da hular kwano da matsattsun kaya masu launi, a kan kekuna masu giya. Direbobi na ba su hanya da faɗi, wani har ya ɗaga musu hannu, yara na bin su da tafi. Ba na jin haushinsu, yaran kirki ne, wasunsu sukan gaishe ni in sun wuce. Amma a wannan hanyar, a wannan safiyar, akwai mutanen ƙauye da ke tura kekuna zuwa kasuwar Pitowa, wani da buhun masara, wani da kaji a kwando, wani da akuya a ɗaure a kariya. Su ne ake dannawa oda, su ake tura wa yashi. Direba ya dubi mai hular kwano ya ce wannan ɗan wani ne, in na taɓa shi zan sha tambaya. Ya dubi mai buhu ya ga babu mai tambaya. To ashe ya iya ba da hanya. Zaɓa yake yi.

Ba na son in zalunci 'yan moto, duk da su na fi karo da su. Yawancinsu babur ɗin ba nasu ba ne, akwai kuɗin da dole su kai wa mai shi kowace yamma kafin su ci nasu, ga tsadar mai. Shi ya sa suke shan gabanka su taka birki don fasinja ya ɗaga hannu, shi ya sa suke biyo gefen hanya ta hannun da ba nasu ba. Su ma masu mota ba su ɗauke su a bakin komai ba. Kuma a cikinsu na gamu da wanda ba zan manta da shi ba. Gab da sallah na tashi daga shago cikin dare, an ɗauke wuta, fitilata ta mutu. Wani yaro ɗan moto ya iso ni, ya rage gudu, ya ce, "Kawu, ina za ka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Mu je, ina bayanka." Haka ya biyo ni a hankali yana haska mini hanya har kwanar unguwarmu. Na laluba aljihu, ya ce, "Haba Kawu," ya juya ya tafi. Ban san sunansa ba, ko fuskarsa ban gani sosai ba.

Irin wannan alherin yana da yawa, kuma keke ne ya kai ni inda yake. A kan babur ba ka jin sallamar kowa. A kan keke kana tafiya daidai gudun da magana za ta same ka. Akwai wata tsohuwa mai sayar da folere, wato zoɓo, da kunu a gindin dogon yaro, Bafulatana ce, kullum na wuce sai ta ce, "Jam na, ɗana?" Ranar da zafi ya yi zafi ta kira ni ta ba ni ruwan randa ta ce in zauna in huce, ba ta karɓi ko dala ba. Akwai mai faci a kusa da Yalwa, wanda ke tsoma tib a cikin rabin jarkar ruwa yana bin kumfa da ido, ya goge wurin da ɗan dutse, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Wajensa majalisa ce ta masu keke: masu gadi, leburori, malaman allo, 'yan makaranta. A nan wani dattijo ya ba mu labarin zamanin da sabon Raleigh ke sa a san saurayi ya isa aure, a yi masa ado da tuntaye, a goge shi da mai kowace safiya. Ya ce a lokacin in malamin makaranta ya wuce a kan keke tashi ake yi a gaishe shi. Keken bai canza ba, har yau ƙafa biyu ne da sarƙa.

Akwai kuma masu zaman bakin hanya, da suke da ra'ayi a kan duk wanda ya gifta. Wasu su amsa sallama da fara'a, wasu su yi shewa, "Malam, a ƙara mai!" Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya zauna a bakin hanya ya ba ta haƙƙinta, kuma a cikin haƙƙin akwai kame cuta da amsa sallama. Ba a ce sai mai wucewar yana cikin mota ba.

Inda shewar nan ta fi damuna shi ne kan 'yata. Tana sakandare, kuɗin moto zuwa da dawowa yana cin abin da ba ƙarami ba, kuma ta iya keke tun tana ƙarama a cikin layinmu. Ita da kanta ta ce in saya mata. Na ara mata na maƙwabci ta gwada zuwa makaranta, da hijabinta da dogon wando a ƙarƙashin siket. Ta dawo ta jingine shi ba ta ce komai ba. Sai da dare uwarta ta gaya mini abin da samari suka riƙa jefa mata a hanya, har da wani magidanci da ya ce mata ba ta da iyaye ne. Wannan yarinyar in ta hau bayan babur ɗin namijin da ba ta sani ba, babu mai cewa uffan. Ta tuƙa kanta, ita kaɗai, a kan abin da ba ya haɗa ta da kowa, shi ne ya zama abin magana. Na juya wannan a raina na rasa ta inda ya zama daidai. Wani abokin cinikina da ya yi zama a Wagadugu ya ce can mata manya da yara na hawa keke zuwa kasuwa da ofis, da goyo a baya, kuma a wasu manyan titunan an ware wa masu ƙafa biyu nasu gefen. Musulmi ne da yawansu kamar mu, rana kuma tana dukansu kamar yadda take dukanmu. Maganar keken 'yata tana nan ba mu rufe ba. Uwarta ta ce a bari sai an samu wasu 'yan mata biyu ko uku a unguwa da za su riƙa tafiya tare, na kuma ga hikimar hakan, har na fara tuntuɓar iyayensu.

Mu ma masu keke akwai namu. Da yawanmu na tafiya cikin dare ba fitila, da baƙaƙen kaya, wasu ba su da birki sai tafin takalmi, wasu na bin hannun da ba nasu ba suna fuskantar motoci. Direban da bai gan ka ba ba za a ce ya raina ka ba. Wannan ɓangaren shi ne wanda hannuna ke iya kaiwa, don haka na sayo irin ƙyallen nan mai ƙyalli da ake sa wa rigunan ma'aikatan hanya, ina yanka shi ina ɗinka wa yarana na shago a bayan riga da jikin jaka. Mai facin Yalwa ya gani ya fara turo mini mutanensa, wanda ya zo da rigarsa ina ɗinka masa kyauta, aikin minti kaɗan ne.

Yanzu abin da muke bi, mu 'yan majalisar mai faci, ƙarami ne: wurin ɗaure keke a bakin kasuwa. A halin da ake ciki duk inda ka jingine sai wani ya ce ka tare masa shago, masu tsaron babura kuma ba sa son karɓar keke don kuɗinsa kaɗan ne. Ƙarfe ne kawai muke so a kafa a ƙasa, mai tsawon da zai ɗauki kekuna kamar ashirin. Maƙerin da ya gyara mini kariya ya ce zai yi aikin a kan kuɗin ƙarfe kawai. Wani malamin makaranta a cikinmu ya rubuta takardar da Faransanci, muna tattara sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala, in sun cika za mu kai wa magajin gari.